Aya a Bangon Ofis, Gicciye a Ƙofar Ma'aikata: Da Kuɗin Wa?

 Yau shirinmu na faɗakarwa zai taso ne daga Gyadi-Gyadi, a ƙaramar hukumar Tarauni, kan titin nan da kowane ɗan adaidaita sahu ya sani da Court Road.

Duk wanda ya taɓa shiga kotun majistare ta Gyadi-Gyadi, ko Babbar Kotun Tarayya da ke wannan yanki, domin ba da shaida, ya san abin da ake fara yi kafin a bar shi ya buɗe baki. Magatakarda zai tambaye shi da me zai rantse. Musulmi ga Alƙur'ani, Kirista ga Baibul. Wanda kuma ba ya son taɓa littafi, ko don ba shi da alwala, ko don imaninsa bai ba shi haka ba, doka ta yarje masa ya yi alkawarin faɗin gaskiya da bakinsa kawai, kuma shaidarsa ta zauna daram kamar ta kowa. Littattafan nan biyu masu tsarki a cikin ginin gwamnati suke kwana suke tashi, amma da wuya ka ji wani ya ɗaga murya a kansu. Dalilin a fili yake. Saboda mai shaida aka ajiye su, kuma shi ne yake zaɓa.

To, a ce wata rana hukuma ta ware miliyoyin naira daga kasafinta, ta ba da kwangila a zana aya da ruwan zinare a saman kujerar alƙali. Ko kuma a ce wata kotu a Fatakwal ta kafa ƙaton gicciye a daidai wannan wuri, da kuɗin jihar. Ginin bai sauya ba, littafin ma bai sauya ba, amma magana ta sauya. A can baya ɗan ƙasa ne yake nuna addininsa, hukuma ta ba shi wuri. A nan kuwa hukumar ce da kanta take nuna nata, da kuɗin da ta tara daga hannun kowa, a kan mutumin da sammaci ya kawo shi ba don yana so ba. Wannan tazara ita ce batunmu na yau, kuma batu ne da ke ta da jijiyar wuya daga Kano har Amurka.

Me doka ta ce? Kundin tsarin mulkin 1999 ya taɓo maganar a wurare uku da ya kamata kowane mai sauraro ya riƙe. Sashe na 10 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin addinin gwamnati. Sashe na 38 ya ba kowa 'yancin riƙe addininsa da bayyana shi, shi kaɗai ko cikin jama'a, a ɓoye ko a sarari, ya kuma hana a tilasta wa ɗalibi darasi ko ibadar addinin da ba nasa ba. Sashe na 42 shi ne wanda aka fi mantawa da shi, alhali shi ya fi shafar aljihu. Ya hana a tauye wa ɗan ƙasa wani abu saboda addininsa, ya kuma hana a ba shi wata gata da ba a ba na wani addinin ba.

Sashe na 10 ba daga sama ya faɗo ba. An haife shi ne cikin zafin muhawarar majalisar tsara kundin mulki ta 1977 zuwa 1978, lokacin da wakilai Musulmi suka fice daga zauren a watan Afrilun 1978 saboda taƙaddama kan kafa kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci a matakin tarayya. Sulhun da aka yi ya shiga kundin 1979, kuma shi aka gada har yau. Gwamnati ba ta da addinin kanta, amma duk jihar da take so tana iya kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, kuma daga baitulmali ake biyan ƙadinta. Saboda haka ne lauyoyi suka rabu gida biyu. Wasu na cewa Najeriya ƙasa ce da ta raba addini da mulki. Wasu kuma na cewa kalmar nan ta Turanci da ake fassarawa da "ba ruwan gwamnati da addini" ba ta cikin kundin ko sau ɗaya, kundin da ya buɗe da ambaton Allah, don haka Najeriya ƙasa ce mai addinai da yawa. A 2006 gwamnatin tarayya ta haramta Hisbar Kano, jihar ta garzaya Kotun Ƙoli, mutane suka zuba ido ko za a warware wannan ƙulli. A 2007 kotun ta sallami ƙarar, ta ce ba ta da hurumin sauraron ta kai tsaye. Ƙullin ya zauna yadda yake.

A Kano kam, haɗuwar mulki da masallaci ta girmi Najeriya nesa ba kusa ba. Tun ƙarni na 15 Sarki Muhammadu Rumfa ya gina masallacin Juma'a, ya kuma saukar da Shehu Maghili, wanda ya rubuta masa littafi kan haƙƙoƙin da ke wuyan mai mulki. Ginin babban masallacin da ake gani yanzu kusa da Gidan Rumfa an yi shi ne a farkon shekarun 1950, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, Turawa na nan ba su tafi ba. A watan Yunin 2000 gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta ƙaddamar da shari'a, bayan Zamfara ta buɗe ƙofa a Oktoban 1999. A 2003 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kafa hukumomin Shari'a, da Hisba, da Zakka da Hubusi, dukkansu da doka, dukkansu da kaso a kasafin kuɗi. A 2004 aka fito da shirin A Daidaita Sahu, wanda ya kakkafa alluna masu ɗauke da zikiri da nasiha a titunan birni. Babur mai ƙafa uku da ke jigilar mutane daga Unguwa Uku zuwa Dangi ma daga wannan shiri ya samo sunansa, ko da yake yaran yanzu da yawa ba su san haka ba.

Don haka duk mai tunanin za a wayi gari a share addini daga ofisoshin Kano bai san Kano ba. Wannan shiri ma ba ya fatan haka. Ma'aikacin da azahar ta riske shi a bakin aiki yana buƙatar wurin alwala da inda zai shimfiɗa darduma. Mai jinya da ya kwana uku a asibiti yana buƙatar inda zai kai goshinsa ƙasa ya roƙa wa majinyacinsa sauƙi. Samar da wannan wuri cika umarnin sashe na 38 ne, domin 'yancin ibadar da ba a ba shi gurbi ba sunan 'yanci kawai gare shi. Musulmi kuma suna da hujja mai ƙarfi idan suka ce tsarin da aka gada daga Turawa shi ma ba ɗan ba-ruwanmu ba ne. Ranar Lahadi ce hutu, kalandar miladiyya ce ta aiki, kuma sai da jihohi irin su Kano suka tashi da kansu kafin ranar 1 ga Muharram ta zama hutu a wurinsu.

Amma mu dubi wanda ke zuba kuɗi a asusun. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya yana da ma'aikata daga kowane lungu na ƙasar nan. Ma'aikaciyar jinya 'yar Binuwai ko 'yar Inugu da ke zaune a Kano, duk wata ana yankar haraji daga albashinta, kuma asusun jihar Kano yake shiga, domin nan take zaune. Idan ta shiga kantin zamani a Zoo Road ta yi sayayya, ta biya harajin kaya na kashi 7.5 cikin ɗari kamar kowa. Mai sayar da kayan gyaran mota ɗan ƙabilar Ibo yana biyan kuɗin shago. Kason da ƙaramar hukumar Tarauni ke samu duk wata daga asusun tarayya kuwa, a cikinsa akwai kuɗin man da aka haƙo a Bayelsa da kuɗin fito na tashar jiragen ruwa ta Legas. Kada kuma a ɗauka duk wanda ba Musulmi ba a Kano baƙo ne. Akwai Hausawa Kiristoci 'yan asalin jihar, akwai Maguzawa, waɗanda kakanninsu a nan aka binne su. Kuɗin gwamnati kamar ruwan kogi yake, ba a iya tsame na rafin da ya fito daga gabas a bar na yamma.

Hanya mafi sauƙi ta gane nauyin wannan magana ita ce mutumin Kano ya leƙa inda shi ne tsiraru. A jihar Akwa Ibom gwamnati ta daɗe tana ɗaukar nauyin gagarumin taron waƙoƙin Kirsimeti, har a Disamban 2014, zamanin Gwamna Godswill Akpabio, aka tara mawaƙa 25,272 a filin wasa na Uyo, taron ya shiga kundin bajinta na Guinness. A 2017 gwamnatocin Ribas da Bayelsa kowacce ta buɗe katafariyar cibiyar ibadar Kirista da ta gina. A 2019 Gwamna Nyesom Wike ya fito fili ya ce Ribas jihar Kirista ce, kuma a wannan shekarar aka yi ta ce-ce-ku-ce kan zargin rushe masallaci a Trans-Amadi da ke Fatakwal. Gwamnatinsa ta musanta, ta ce babu ginin masallaci a wurin, amma ran mutanen Kano ya ɓaci sosai, har gwamnan Kano na lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, ya yi barazanar zuwa kotu. Wace hujja aka riƙe a lokacin? Sashe na 10 da sashe na 38. Aka ce jiha ba ta da addini, kuma Bahaushen da ke sayar da albasa a Fatakwal yana biyan haraji, yana da haƙƙin wurin salla.

Hujjar nan gaskiya ce, kuma ba ta ƙarewa a gadar Lokoja. Shugabannin Kiristoci a Kano sun daɗe suna kokawa kan wahalar samun fili da takardar mallaka don gina coci a wajen Sabon Gari. Wanda ya ji zafin abin da aka ce an yi a Trans-Amadi, ya kamata kunnensa ya buɗe ga wannan kuka. In ba haka ba, ranar da zai sake buƙatar sashe na 38 a kudu, zai tarar shi da kansa ya rage masa kaifi a gida.

Akwai shari'o'i biyu da suka nuna inda iyakar take, kuma dukkansu daga Legas suka taso. Ta farko ita ce ta hijabi. Gwamnatin Legas ta hana ɗalibai mata sa hijabi a makarantunta, babbar kotun jihar ta goyi bayanta a 2014, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe hukuncin a 2016, sannan ranar 17 ga Yunin 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗaliban 'yancinsu, alƙalai biyar suka rinjayi biyu. Makarantar ta gwamnati ce, amma hijabin na yarinyar ne, iyayenta suka saya, ita ta ɗaura. Ba a taɓa baitulmali ba, ba a kuma tilasta wa ta kusa da ita ba.

Ta biyu ita ce ta rubutun ajami a jikin naira. Tun 2007 Babban Bankin Najeriya ya cire ajami daga naira 5, 10, 20 da 50, sannan a 2014 aka cire daga sabuwar naira 100 ta cikar ƙasar shekara ɗari. A 2020 wani lauya, Malcolm Omirhobo, ya shigar da ƙara yana neman a cire sauran, yana cewa rubutun Larabci a kuɗin ƙasa ya saɓa wa sashe na 10. A 2024 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta kori ƙarar. Abin da duk almajirin da ya yi karatun allo zai gaya maka shi ne, abin da ke jikin takardar Hausa ce tsantsa, "naira dubu", "naira ɗari biyar", ba aya ba, ba hadisi ba. An sa shi ne don dattijon da bai yi boko ba ya san abin da ke hannunsa. Darasin da ke nan ya shafi ɓangarorin biyu. Ba duk abin da ya yi kama da addini ne addini ba, kuma tsoron da rashin sani ke haifarwa yana iya sa a ga barazana a inda babu ita.

 Bari mu leƙa waje kaɗan, domin ba mu kaɗai ke wannan fama ba.

Ranar 27 ga Yunin 2005 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci biyu a rana ɗaya kan abu ɗaya, wato Dokoki Goma da ke cikin Attaura, kuma hukuncin biyu suka saɓa. A jihar Kentaki wasu ƙananan hukumomi sun rataya dokokin a bangon kotunansu a 1999, kotu ta ce a sauke, domin tarihin yadda aka rataya su ya nuna manufar ita ce hukuma ta tallata addini. A jihar Teksas kuwa akwai wani dutse mai ɗauke da dokokin a harabar majalisar jihar, kotu ta ce a bar shi. Wata ƙungiya mai zaman kanta ce ta ba da shi kyauta tun 1961, yana tsaye cikin wasu alamomin tarihi da dama, kuma ya shekara 40 ba wanda ya kai ƙara. A kowane hukunci alƙalai biyar ne suka rinjayi huɗu, kuma alƙali ɗaya, Stephen Breyer, shi ne ya sauya ɓangare. Tambayoyin da suka raba shari'o'in biyu su ne waɗanda za su yi mana amfani a Tarauni: wa ya kawo abin, da wace niyya, kuma me mai shigowa zai fahimta idan ya gan shi?

Faransa ta bi tata hanyar tun dokar 1905, wadda ta hana gwamnati biyan kuɗin kowane addini, ta kuma hana kafa sabuwar alamar addini a gine-ginen hukuma. Sai dai a 2004 ƙasar ta wuce nan, ta hana ɗalibai sa hijabi da sauran alamomin addini na fili a makarantun gwamnati. Wato ta tashi daga kame hannun hukuma ta koma kame ɗan ƙasa. Wannan ba hanyar da Najeriya za ta bi ba ce, kuma Kotun Ƙolinmu ta riga ta faɗi haka a shari'ar hijabi.

Labarin da ya fi dacewa mai sauraro ya tsaya a kansa shi ne na jihar Bavariya a Jamus. A 2018 shugaban gwamnatin jihar, Markus Söder, ya ba da umarni a rataya gicciye a mashigar kowace ma'aikatar jiha daga ranar 1 ga Yuni, ana saura 'yan watanni zaɓe. Ya ce alama ce ta al'adar yankin. Cikin manyan waɗanda suka soki matakin har da babban limamin Katolika na birnin Munik, Kadinal Reinhard Marx. Damuwarsa ita ce umarnin ya jawo rarrabuwar kai, kuma ba hurumin gwamnati ba ne ta fassara wa masu addini ma'anar alamarsu. Malamin addini ne ya tashi yana kare addininsa daga rungumar ɗan siyasa.

Wannan damuwa ba baƙuwa ba ce a wurin malamanmu. Da yawa daga malaman Malikiyya, mazhabar da ƙasar Hausa ta ginu a kanta, sun karhanta rubuta ayoyin Alƙur'ani a jikin bango, har da bangon alƙiblar masallaci, don gudun shagaltar da mai salla da kuma gudun wulaƙanta rubutun. In haka ne a masallaci, ina ga allon bakin titi da ƙura ke rufewa, ruwan sama ya dake shi, lokacin zaɓe kuma a liƙa masa fastar ɗan takara? Ina ga bangon ofishin da wataƙila a ƙarƙashinsa ne za a ce wa talaka ya kawo na goro kafin a nemo fayil ɗinsa? Ayar da aka rataya a irin wannan wuri ba ta ƙara wa ofishin tsarki. Shaida take zama a kan masu ofishin.

Littafin da Shehu Maghili ya rubuta wa Rumfa ya ware babi guda kan hanyoyin da halal ne sarki ya tara dukiya, da wani babin kan inda ya wajaba ya kashe ta. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, a farkon shekarun jihadi, a nan Kano ya zauna ya rubuta Liya'ul Hukkami saboda mutanen garin sun nemi ya bar musu jagora kan mulki. Kuma babu mai zuwa wa'azi da bai taɓa jin labarin Halifa Umar ɗan Abdul'aziz ba, wanda ake cewa yakan kashe fitilar baitulmali ya kunna tasa idan hira ta koma kan sha'anin gidansa. Duk wannan gado abu ɗaya yake koyarwa, cewa dukiyar jama'a amana ce mai ƙa'ida, kuma kyawun abin da za a saya bai isa ya halatta ɗiban ta ba. Sai an tambaya ko akwai abin da ya fi shi wajaba da aka bari.

A nan ne lissafi ke shigowa. A 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da tallafin naira biliyan 90 ga aikin Hajjin shekarar, gwamnatin Kano kuma ta ƙara wa kowane maniyyacinta naira 500,000 bayan kuɗin kujera ya tashi. Tarayya na da hukumar alhazai da aka kafa da dokar 2006, da ta masu ziyarar ibada ta Kirista da aka kafa da dokar 2007, kuma a fadar shugaban ƙasa akwai masallaci akwai coci. Salon Najeriya ke nan, a ba wannan a ba wancan. Yana kwantar da rikici, wannan gaskiya ne. Amma yana da tsada, kuma yakan bar tambaya a baya. Hajji wajibi ne a kan mai iko. Maganin zazzaɓin cizon sauro a asibitin unguwa, da rufin ajin firamare a Darmanawa ko Daurawa, da fanshon tsohon malamin makaranta, waɗannan wajibi ne a kan hukuma, kuma babu wani attajiri da doka ta ɗora wa su. Masallaci kuwa, Alhamdu lillahi, a Kano bai taɓa rasa mai gina shi ba. Daga Masallacin Umar bin Khaddab da ke Dangi har zuwa ƙananan masallatan lungu na Gyadi-Gyadi, jama'a sun saba da haɗa kuɗin siminti, da tabarma, da lasifika, da sola, ba tare da jiran kasafin kowa ba.

Saboda haka ra'ayin wannan shiri a bayyane yake. Gwamnati ta ba da wuri, masu addini su ƙawata shi da kuɗinsu. Idan ana gina sakatariya ko asibiti ko makaranta, a fitar da gurbin ibada da ruwan alwala da makewayi mai tsabta a cikin tsarin ginin, domin wannan hidima ce ga ma'aikaci da mai zuwa neman aiki. Idan ma'aikata Kiristoci a wurin suka nemi ɗakin da za su yi addu'arsu, a ba su gwargwadon yawansu, da takarda, ba tare da sai sun yi shekaru suna sintiri ba. Amma kafet na alfarma, da hasumiya, da zanen zinare, da ƙaton allo mai ɗauke da hoton mai girma wane a gefen sunan Allah, wannan a bar wa ƙungiyar ma'aikata da masu neman lada. Musulunci ya tanadi ƙofar hubusi tun fil azal domin irin wannan, jihar Kano ma tana da hukumar da aka kafa dominsa. Wanda ya gina da guminsa ya fi samun natsuwa kan ladansa fiye da wanda ya sa hannu a takardar fitar da kuɗin da ba nasa ba. Zauren shari'a kuwa, da teburin karɓar haraji, da ɗakin ganin likita, inda mutum ke zuwa ala tilas, a bar su yadda kowa zai shiga ba tare da ya ji an riga an auna shi ba.

Za a ce ai Musulmi ne suka fi yawa a Kano, kuma dimokuraɗiyya ta masu rinjaye ce. Rinjaye yana ba da ikon zaɓen wanda zai riƙe asusu. Bai mayar da asusun mallakar masu rinjaye ba, kamar yadda bai mayar da na Ribas mallakar coci ba. Za a kuma ce kuɗin allo ɗaya nawa yake. Wataƙila ba yawa. Sai dai kwangilar da aka lulluɓe da sunan addini ita ce wadda mutane suka fi jin nauyin tambaya a kanta, don kada a ce suna faɗa da aikin Allah. Inda tambaya ta yi ƙaranci kuwa, nan farashi ya fi saurin kumbura. Ciyarwar azumi, da gyaran masallatan ma'aikatu, da kujerun Makka, duk sun cancanci a bi diddiginsu kamar yadda ake bin na kwalbati, har ma fiye, saboda sunan da aka ɗora musu.

Hanyar tambayar kuma a buɗe take. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa kason ƙananan hukumomi nasu ne, a ba su kai tsaye, wanda ke nufin mutumin Tarauni yana da ƙarin dalilin sanin abin da ya shigo da inda ya tafi. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa ma'aikata ya nemi takardun kashe kuɗi. Kasafin jihar Kano ana wallafa shi a intanet, duk mai waya a hannu zai iya saukewa. Kowace mazaɓa, daga Gyadi-Gyadi Arewa da Gyadi-Gyadi Kudu har Babban Giji da Unguwa Uku, tana da kansila da aka zaɓa domin a tare shi a yi masa magana.

Kira na farko ga malamai da limamai ne, Allah ya ƙara muku lafiya. Idan jami'i ya zo da albishir ɗin zai ƙawata masallacin ma'aikata, a tambaye shi daga aljihunsa ne ko daga asusu, in daga asusu ne a tambaye shi ko an biya masu shara da masu gadi albashinsu. Kira na biyu ga fastoci da shugabannin coci, su riƙa yin irin wannan tambaya a jihohin da su ne masu rinjaye, su kuma tsaya wa Musulmin da ke neman wurin salla a can. Ku kuma masu sauraro a Gyadi-Gyadi da Tarauni, a wannan makon ku nemi kansilanku, ku tambaye shi nawa aka ware wa harkokin addini a kasafin ƙaramar hukuma na bana, nawa aka ware wa asibitin unguwarku, ku ce ya nuna muku a rubuce.